Wa Ke Sandarar da Kwamfutar Yaya?

Duniyar nan ba ta yi wa mai ilimi adalci, wanda kuma ke shakka ya je ya dubi Auta. Mutum ne mai shekara arba'in da bakwai, ga furfura a gemu, ga tabarau har biyu, ɗaya na karatu ɗaya na duban mutane, amma yayarsa ba ta taɓa buɗe baki ta kira shi Injiniya ba. Auta take cewa. A gaban baƙi Auta, a gaban masu kawo aiki Auta, kamar jiya aka yaye shi.

Shagon na Yaya ne. Ɗaki ɗaya ne a bakin titi inda ake buga takardu, a yi kwafi, a haɗa su. Akwai dogon tebur, a kansa ga kwamfuta da akwatinta da firinta. A gabanta Sakatariya ke zama, wadda ta shekara goma sha tara tana buga rubutu ba ta duban yatsunta. Can a lungu kuma akwai wani ɗan tebur mai ƙafa ɗaya gajera, da sitefila a kai. Nan Auta ya yi shekara shida yana haɗa takardu kafin ya ga ya kamata ya ƙara wa kansa girma.

Wata Asabar ya yi ƙarin girman. Ya goge tsohon tsarin da kwamfutar ke aiki da shi, ya zuba mata sabo, irin na kyautar nan da mutanen duniya suka taru suka rubuta, wanda kowa ke iya leƙa cikinsa. Bai tsaya nan ba. Ya kwance akwatin, ya hure ƙura, ya zare wayoyin ciki ɗaya bayan ɗaya ya mayar, wai don su san juna shi da ita. Da ya gama sai ya jawo kujera mai juyi ya kafa a ƙarshen dogon tebur, ya sanar cewa daga yau shago ya samu Injiniya.

Daga ranar kwamfuta ta koyi sandarewa. Ana cikin aiki sai ta tsaya cak. A ja linzaminta ba motsi, a danna maɓalli ba amsa, sai an danne makunni an kashe ta, duk abin da ba a ajiye ba kuma ya bi iska.

Ranar Litinin Hedimastan wata makaranta ya kawo tambayoyin jarrabawa na aji ɗaya zuwa shida, rubutun hannu, ya ce Alhamis da azahar yake son su a buge, a haɗe. Bayan fitarsa Yaya ta tsaya a kan ƙaninta. Ya fara yi mata bayanin yadda sabon tsarin ya fi tsohon, ta ɗaga hannu.

"Auta, ni ban san sabo ba, ban san tsoho ba. Alhamis na sani. In takardun nan ba su fita ba, zan tsallaka titi in kira Mai Gyara, kai kuma ka koma kan sitefilarka."

Mai Gyara wata mata ce da ke da shagon gyaran waya da kwamfuta a ɗaya hannun titin. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma taɓa yi wa Auta komai ba, illa babban laifi guda: ba ta taɓa neman shawararsa ba. A ce ita za ta shigo ta taɓa kwamfutarsa, shi kuma ya koma lungu, gara ƙasa ta tsage.

Ya gyara tabarau, ya shimfiɗa musu shirinsa. Ya ce ruwa ba ya tsami banza. Duk sanda na'ura ta sandare, akwai abin da ya ɓata mata rai a daidai wannan lokacin. Don haka shi zai zauna ya sa ido, da ta tsaya sai ya duba me ke faruwa a ɗakin, ya hana shi. Yau a hana ɗaya, gobe a hana biyu, kafin Alhamis babu abin da zai rage sai lafiya. Ya ce manyan masana haka suke yi, kuma in an gama zai rubuta allo ya rataye a ƙofa don masu irin wannan larura su san inda za su zo. Auta yana da wata ɗabi'a tun ƙuruciya, in ya faɗi magana ta yi masa daɗi sai ya rufe ta da tafin hannu a kan duk abin da ke gabansa. Wannan ta yi masa daɗi. Ya buga tebur.

Kwamfuta ta sandare.

Ya miƙe a hankali, ya waiga hagu, ya waiga dama. A ƙasa kusa da bango butar lantarkin Sakatariya tana tafasa, tana fitar da tururi ba ruwanta. Ya nuna ta da yatsa kamar wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu. Da yake kwamfuta ba ta motsi, da hannu ya rubuta sanarwar farko a bayan kwali: AN HANA DAFA SHAYI. Sakatariya ta ce shekara goma sha tara tana shan shayinta a nan, tsohuwar kwamfuta ba ta taɓa ƙorafi ba. Ya ce ai ita tsohuwar ba ta da wayewa.

Kafin la'asar kwali ya zama huɗu. An hana rediyo. An hana bugo ƙofa. An hana kunna fankar sama, domin tana cikin juyi na'urar ta tsaya, daidai lokacin da yake tabbatar wa wani mai kwafi cewa an riga an shawo kan matsalar. Shago ya ɗauki zafi, Yaya ta koma yin fifita da wata tsohuwar jarida, tana kallon ƙaninta irin kallon da take yi masa tun yana satar sukari.

Talata da safe abin ya ƙetare bango. Auta ya gama bayyana wa Sakatariya cewa jiya an yi sandarewa bakwai, yau kuwa ba za a yi ko ɗaya ba, ya rufe maganar yadda ya saba, sai ga na'ura ta tsaya. Ɗaki shiru, ba buta, ba rediyo, ba fanka. Ya kasa kunne. Ta bayan bango ana jin keken Tela yana gudu.

Tela maƙwabcinsu ne, dattijo mai tef a wuya, wanda bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Auta ya shiga ya gaishe shi, ya ce masa kekensa na aiko da wata irin igiyar wuta ta cikin bango, tana rikita na'ura. Tela ya ɗaga ƙafa daga kan feda, ya leƙa ƙarƙashin keken, ya leƙa bayansa, ya ce shekara talatin da ƙafa yake tuƙa shi, bai san yana da wuta ba, in kuwa yana da ita to a nuna masa inda take fita ya jona dutsen guga.

"Ba irin wutar da kake gani ba ce," in ji Auta.

"To ita wadda ba a gani, a ƙafata take ko a kanka, maƙwabci?"

Aka yi ta ja. A ƙarshe aka daidaita, don Tela ya ga akwai nishaɗi a ciki: duk sanda zai taka keke zai ƙwanƙwasa bango sau uku, Sakatariya ta ajiye aikinta, sannan ya taka. Tela ya riƙe alkawari fiye da yadda aka nema. Zai ɗinka hannun riga, ya ƙwanƙwasa. Zai sa zare, ya ƙwanƙwasa. Har da zai yi atishawa ya ƙwanƙwasa, ya leƙo ya tambaya ko an ba da izini.

Wajen hantsi Sakatariya ta juyo ta ce, "Injiniya, ni fa na lura duk lokacin da ka..."

Ya katse ta. Ya ce bincike ba aikin taro ba ne, in kowa zai kawo nasa hasashen sai a rasa bakin zare, ita ta riƙe bugun rubutu shi ya riƙe ilimi. Ya ji daɗin yadda ya jera maganar, ya buga tebur, na'ura ta tsaya. Ya dubi Sakatariya da tausayi. Ita ce ta yi magana ta ƙarshe kafin shi, shi kuwa ai ba ya cikin waɗanda ake zargi. Kwali na biyar ya hau bango: AN HANA SAKATARIYA MAGANA A GABAN NA'URA. Ta karanta, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta kama bakinta da yatsu biyu ta murɗa kamar mai kulle ƙofa.

Da rana, ba don ya kasa ba, sai don ya gwada ilimin mutanen waje, ya shiga wani zaure na intanet inda masu amfani da irin wannan tsarin ke taimakon juna. Ya rubuta musu daga wayarsa cewa shi ƙwararre ne, kwamfutarsa tana sandarewa, su faɗi ra'ayinsu ya duba ko akwai na ɗauka. Amsoshi suka yi ta zuwa. Wani ya ce ƙwaƙwalwar na'urar ce, wani ya ce zafi ne, wani ya ce ya ɗora sabon zubin tsarin, wani ya ce ya koma tsohon zubi. Mutum biyu suka manta da shi gaba ɗaya suka kama faɗa da juna a kan wane zubi ya fi. Amma kusan dukkansu sun haɗu a kan abu biyu. Na ɗaya, ya buɗe rajistar da na'urar ke rubuta wa kanta duk abin da ya same ta, ya nuna musu. Na biyu, ya riƙa canza abu ɗaya tak a lokaci guda.

Auta ya ji wannan a matsayin raini. Na'urar da ba ta iya tsayuwa da ƙafarta, ita zai je ya roƙa ta ba da shaida? Canza abu ɗaya-ɗaya kuwa shawara ce ta mutanen da ba su da Alhamis a gabansu. Ya ture Sakatariya gefe, ya buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, ya kwafe duk umarni tara da aka ba shi, na masu sabon zubi da na masu tsoho, ya ɗura wa na'urar su a jere kamar mai ɗura wa akuya magani.

Da ta sake kunnuwa, hoton fuskarta ya kwanta a gefe. Rubutu yana hawa daga ƙasa zuwa sama. Sakatariya ta karkata wuya ta duba, ta karkata ta ɗaya gefen, ta juyo ta dube shi, baki a kulle. Yaya ta tambaya me ya faru kuma. Ya ce sabon salo ne, a manyan ofisoshi haka ake yi don hutar da ido. Sai ya ɗaga fuskar kwamfutar ya kwantar da ita a kan gefenta, ya tokare da bandir biyu na takarda, rubutu ya miƙe. Ya karkaɗe hannu, ya tambaya ko akwai wani aikin.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa don adalci, ko da yake mahassada sun juya shi. Duk sanda Auta ya fita, ko cin abinci ko salla, kwamfutar nan sai ta yi ta aiki lafiya lau kamar an yi mata albishir. Shi ya san dalili: maganinsa irin mai aiki a hankali ne, sai an ba shi wuri. Sakatariya ita ma ta ga abin da ta gani, kuma tunda an hana ta magana sai ta koma rubuta masa 'yan takardu. A samo tawadar firinta daga can ƙarshen gari. A samo wata irin ambulan da ita kanta ba ta tabbata ana yin ta ba. A cikin waɗannan aike-aiken ta buge aji ɗaya da aji biyu da aji uku. Shi kuwa yana dawowa da gumi, ya ga aiki ya ci gaba, ya ce kun gani ko, ya buga tebur.

Laraba ya wayi gari da sabon ilimi. Ya ce cikin duk surutun mutanen zaure, mai maganar zafi ne ya kusa gaskiya. Yaya ta tuna masa cewa shi ya hana fanka. Ya ce fankar sama ya hana, mai jujjuya iska a banza, ba fankar ƙasa mai manufa ba. Ya tafi gidan burodi na ƙarshen layi ya aro wata ƙatuwar fanka ta ƙarfe, mutum biyu suka taya shi ɗauko ta. Ya cire murfin gefen akwatin kwamfuta, ya saita fanka a bakinsa, ya murɗa ta har ƙarshe.

Abin da ya fara tashi kwalayen bango ne. Sai ɗankwalin Sakatariya ya yi baya. Sai tambayoyin Hedimasta na aji huɗu da biyar da shida, rubutun hannu, waɗanda ba su da kwafi ko ɗaya a duniya, suka tashi daga tebur a jere suka fice ta ƙofa kamar tantabaru.

Yaya, wadda ta shekara biyar tana cewa gwiwa ta hana ta tsallake kwata, ta tsallake kwata. Mai sayar da lemo ya bar tirensa ya bi wata takarda har gindin fitilar titi. Wani mai babur ya tsaya domin lissafin aji shida ya manne masa a fuska. Tela ya cafke ɗaya a iska, ya sa tabarau, ya tsaya a bakin shagonsa ya karanta da ƙarfi: famfo ɗaya yana cika tanki a awa uku, ɗaya a awa shida, in an buɗe su tare awa nawa za su yi? Mai lemo ya ce tara. Mai babur ya ce ya danganta da ko an kawo ruwa. Titi ya rabu biyu, har Yaya ta zo ta fizge takardar, ta sa duk wanda ya ji ya rantse ba shi da ɗa a aji biyar.

An tsinto duka, sai dai ɗaya ta sha ruwan kwata, tambaya ta bakwai ta narke. Auta ya ce ba komai, zai ƙirƙiro wata wadda ta fi ta. Yaya ta ce in ya ƙirƙiro ko da waƙafi ne sai ta manta uwa ɗaya ta haife su. Ta shanya takardar a rana, ita da Sakatariya suka yi ta hasashen haruffa. Shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana karɓar masu kawo aiki da sababbin dokoki: a cire takalmi, a kashe waya, kada a yi tari, kada kuma a tambaya ko aiki ya kusa, domin sau biyu ana tambayar haka yana ba da amsa mai ƙarfi na'ura tana sandarewa. Mutane suka riƙa tsayawa a waje suna miƙo takardu da raɗa kamar masu dubiya a asibiti.

Alhamis da sassafe Auta ya yanke shawarar gama yaƙin. Tunda mai laifi ya ƙi fitowa, to kowa ya fita. Ya fitar da injin kwafi. Ya fitar da benci, da agogon bango, da kalanda, da kwandon shara, da kujerar Yaya, sannan cikin ladabi ya fitar da Yaya. Ya jera komai a baranda. Masu wucewa suka zaci tashi ake yi, suka fara taruwa, wata mata har ta zauna a benci ta ce in sayarwa za a yi ita ta riga kowa. Cikin ɗaki babu abin da ya rage sai dogon tebur, da kwamfuta a kwance a gefenta da cikinta a buɗe, da firinta, da Sakatariya, da Injiniya a kujerarsa mai juyi.

Ƙarfe goma da rabi Hedimasta ya iso, saura aji shida ba a gama ba, ba a kuma buga ko shafi ɗaya a takarda ba. Auta ya tare shi a ƙofa, ya roƙe shi ya cire takalmi da agogon hannu. Hedimasta ya dubi kayan da ke baranda, ya dubi taron, ya tambayi Yaya ko lafiya. Ta ce ya tambayi Auta.

Auta bai taɓa samun masu sauraro da yawa haka ba. Ya koma ciki, ya tsaya a bayan tebur, ya canza tabarau zuwa na duban mutane. Ya ba su tarihin binciken tun daga buta har zuwa fanka. Ya ce wani da ya ga irin wannan ciwo da tuni ya gudu ya nemi taimakon masu sukundireba na tsallaken titi, amma shi ya bi hanyar ilimi, ya kori masu laifi ɗaya bayan ɗaya, yanzu ga ɗaki tsarkakakke. Ya ce wanda ya ga na'urar nan ta sake sandarewa, ya canza masa suna. Tafin hannu ya sauka.

Sakatariya ta ɗaga yatsunta daga kan maɓallai, ta naɗe hannu.

Taro ya matso. Auta ya ja linzami, ya sake ja. Ya yi gyaran murya, ya ce wannan ma ci gaba ne, domin yanzu zargi ya taƙaita. Ya dubi Sakatariya, ya ce ta yi haƙuri, ba ƙiyayya ba ce, ilimi ne ba shi da ɗan'uwa. Ta ɗauki jakarta ta fita ta tsaya kusa da Yaya. Ya kashe, ya kunna, ya zauna a mazauninta, ya fara buga tambaya ta huɗu da yatsa biyu, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Minti goma ya gama layi ɗaya. Ya ɗago ya dubi jama'a, ya ce to ga shi nan, an kama mai laifi, ya buga tebur.

Wannan karon ba wanda ya yi ko tari. Tela ne ya leƙo ta kafaɗar Hedimasta, ya fara ƙirga da yatsu, a natse. Ya ce buta ta fita, rediyo ya fita, fanka ta fita, agogo ya fita, Yaya ta fita, Sakatariya ta fita, shi kuma tun safe bai taka keke ba.

"Saura tebur, saura kwamfuta, saura kai, maƙwabci."

"Teburin ne," in ji Auta.

Yaya ta gyara mayafi ta tsallaka titi.

Mai Gyara ta shigo da takalminta, da 'yar jakar kayan aiki. Ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da aiki, Kawu," wanda ya fi zagi ciwo. Ta kunna na'urar, ta karkata kai ta dubi fuskar. Ta buɗe baƙin allo ta rubuta layi ɗaya. Rajistar nan da Auta ya ƙi saurara ta fito, ashe baiwar Allah tun Asabar take rubuta kuka iri ɗaya, sau talatin da ɗaya: faifan da take ajiye komai a ciki yana ɓace mata ba zato. Mai Gyara ta leƙa cikin akwatin da ke buɗe, ta ce wayar faifan rabi aka cusa, da ɗan girgiza sai ta saki. Ta tambaya wa ya taɓa cikin. Auta ya ce masana'anta. Ta ce to, akwai mai girgiza teburin nan?

A bakin ƙofa Sakatariya ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. Ta ce tana neman izinin magana, domin tun Talata aka kulle mata baki. Yaya ta ce ta buɗe. Sakatariya ta kama leɓenta ta murɗa ta ɗaya gefen, sannan ta ce ita dai abin da ta gani, duk sanda Injiniya ya faɗi magana mai daɗi sai ya mari tebur, duk sanda ya mari tebur sai na'ura ta suma, kuma Injiniya, Allah ya ƙara basira, ba ya faɗin magana marar daɗi.

Auta ya miƙe. Ya ce wannan ƙazafi ne, haɗin baki ne na waɗanda aka hana shayi. Ya ce shi mutum ne mai sanyin hannu, kowa ya shaida.

"Ni tunda nake ban taɓa dukan teburin nan ba," ya ce, ya kuma tabbatar da maganar da tafin hannu.

Linzami na hannun Mai Gyara. Ta ja shi hagu, ta ja shi dama, ta ɗaga shi sama ta nuna wa jama'a. Matar da ke kan benci ce ta fara, sai mai lemo, sai titi gaba ɗaya ya ɗauka. Hedimasta ya yi ƙoƙari ya riƙe girmansa, ya juya baya, amma kafaɗunsa sun tona shi. Tela ya zauna a dandamali yana share hawaye da tef.

Mai Gyara ta kashe na'urar, ta sa babban yatsa ta danna wayar har ta ce ƙas. Ta mayar da murfi, ta miƙar da hoton, ta tayar da fuskar tsaye, ta warware umarnin nan tara. Sannan ta matsa gefe ta ce, "Kawu, bisimilla, a gwada." Ya ce hannunsa ba abin wasa ba ne. Sakatariya ta zauna, yatsunta suka kama gudu, firinta ta fara aman takardu. Kafin ta gama aji shida an jona butarta.

Saura haɗawa, saura minti arba'in, takarda ɗari huɗu da wani abu. Yaya ta sa aka mayar da komai ciki, ban da ɗan teburin nan mai gajeriyar ƙafa. Shi ta ce a bar shi a baranda, nesa da duk wani abu mai waya. Ta ɗora sitefila a kai, ta tara takardu a gefe, ta jawo kujerar roba. Kujera mai juyi kuma ta tura wa Sakatariya.

"Zauna, Auta. Ga abin da in ka mare shi aiki yake yi."

Ya zauna, domin babba ba ya jayayya da mace a bainar jama'a. Yana haɗawa yana yi wa waɗanda suka rage bayani, ko za su amfana. Ya ce su lura da kyau, Mai Gyara ba ta gano komai ba, tabbatarwa kawai ta yi. Hanyarsa ce ta kore kowa har ta iso kan mai laifi, kuma a nuna masa wani injiniya a faɗin duniya da ya yi bincike na gaskiya har ya kama kansa. Ya ce irin wannan amana ba a koyar da ita a makaranta. Ya saka takardun aji uku, ya ɗaga hannu, ya sauke.

Sitefila ba ta kama ba. Ya sake bugawa, ba ta kama ba.

Ya ajiye ta a hankali. Ya cire tabarau na karatu, ya sa na duban mutane, ya fara bin titin da ido daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yana neman wanda ya motsa. Mai lemo ya tsaya da wuƙa a cikin lemo. Mai babur ya kashe inji. Wata mata da ke shanya a bene ta tsaya da riga a hannu.

Daga cikin shago, ba tare da ta ko leƙo ba, Yaya ta ce, "Fil ne ya ƙare, Auta. Yana cikin aljihun tebur."